Ta yaya ake tabbatar da cewa da ciwon ƙoda aka haifi kwikwiyo?

Tambaya: Wani mai kiwon karnuka ya ce yana da ɗan kwikwiyo jinsin Lhasa Apso mai wata 7. Tun da aka yaye shi yake yawan shan ruwa da yawan fitsari, kuma bai kai 'yan cikinsu girma ba. Wata biyu da suka wuce ya yi zawo, aka yi masa allurai a gida. Yanzu yana amai, yana ƙin abinci. An gwada jininsa aka ga kiriyatinin, wani datti da ƙoda ke tacewa daga jini, ya kai 3.4, likita ya ce da ciwon ƙoda aka haife shi. Yana son sanin yadda ake tabbatar da hakan, da abin da zai yi game da uwar da sauran 'ya'yanta.

Amsa: Malam, sannu da ɗawainiya, Allah Ya ba shi sauƙi. Yadda ka siffanta karen nan, zargin likitanka yana kan hanya. Lhasa Apso ne, bai cika shekara ba, ya tsumbure, kuma tun yana ƙarami bakinsa ba ya rabuwa da kwanon ruwa. Duk likitan dabbobin da ya ji haka, ƙoda zai fara kawowa a ransa. Sai dai zargi daban, tabbaci daban. Lambar nan 3.4 abu ɗaya kawai ta faɗa: dattin da ya kamata ya fita ta fitsari ya taru a jini. Ba ta faɗi tun yaushe ba, ba ta faɗi dalili ba. Abin da ya sa nake dagewa a kan wannan shi ne, cikin cututtukan da ke kama da ciwon haihuwa, wato wanda aka haifi kare da shi, akwai waɗanda ake warkewa in an kama su da wuri, kuma da zarar an ce "haka aka haife shi" sai kowa ya saki jiki ya daina nema.

Akwai abin da ya bambanta ƙodar kare da ta mutum. Jaririn ɗan Adam da ya cika watanninsa ana haihuwarsa ƙodarsa ta gama ƙera ƙananan matatan da ke tace jini. Kwikwiyo kuwa yana fitowa aikin bai ƙare ba. Sai ya yi mako 2 zuwa 3 a duniya ƙodar na ci gaba da ƙera sababbin matatai, sannan su ɗauki wasu makonni suna nuna. Idan aikin ya tafi daidai, kowace ƙoda takan ƙare da matatai kimanin 400,000. Idan ya tsaya a hanya, sai wasu sassan ƙodar su zauna yadda suke tun cikin mahaifa, kare na girma su ba sa girma. Wannan shi ake kira disfilasiyar ƙoda, kuma Lhasa Apso da Shih Tzu su ne a sahun gaba cikin jinsunan da aka san su da ita. Amma ka lura: abin da ke tsayar da aikin ba lallai gado ba ne. Ƙwayar cutar hafis (herpes) ta karnuka, in ta kama kwikwiyo a makonninsa na farko ya tsira, tana iya bar masa irin wannan lahani. Saboda haka "an haife shi da shi" ba ɗaya ba ne da "ya gada", kuma ga mai kiwo irinka bambancin na da nauyi.

Bincike yana farawa ne daga gida, kafin a taɓa sirinji. Ka auna ruwan da yake sha. Ka ware shi da kwanonsa shi kaɗai, ka zuba ruwan da ka auna da robar da ka san cikinta, washegari daidai wannan lokaci ka auna abin da ya rage. Ka yi haka kwana uku, a inuwa, don kada rana ta shanye maka lissafi. Lafiyayyen kare yakan sha mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo na nauyinsa a yini. Idan ya haura 100, ya zama yawan sha na ciwo. Karen da ke da kilo 4, in yana shanye fiye da mililita 400 kullum, da magana. Zafin bazara a ƙasarmu yana ƙara wa kowane kare ƙishi, don haka in da hali ka auna na wani ɗan cikinsu ma ka kwatanta. Kuma don Allah kada ka rage masa ruwa wai don ya daina jiƙa ɗaki. Ba shan ruwan ne ke jawo fitsarin ba, fitsarin ne ke jawo shan ruwan. Ƙodar ta kasa riƙe ruwa, shi kuma yana biyan abin da ya zube. Hana shi ruwa na yini ɗaya yana iya kwantar da shi kwanciyar da ba zai tashi ba.

Daga nan sai fitsari. A ganina babu gwajin da ake rainawa a harkar nan kamar na fitsari, alhali shi ne mafi araha kuma yakan riga jini magana. Ƙoda takan rasa ikon kaurara fitsari idan kusan kashi biyu cikin uku na matatanta sun lalace, shi kuwa kiriyatinin ba ya tashi a fili sai an rasa kusan kashi 75 cikin 100. Ka tari fitsarin farko na asuba a cikin tsaftataccen mazubi marar zurfi, ka tura shi ƙarƙashin karen bayan ya fara, ka kai asibiti cikin awa ɗaya. Akwai wata 'yar na'ura da ake riƙewa a hannu, rifiraktomita, ana ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashinta a ɗaga ta wajen haske a leƙa. Ita ce ke ba da kaurin fitsari na gaskiya. Tsinken gwajin nan mai canza launi ba abin dogaro ba ne a wannan ɓangaren. Idan ta nuna sama da 1.030, ƙodar na iya aikinta na riƙe ruwa. Idan ta tsaya tsakanin 1.008 da 1.012, fitsarin bai fi ruwan jini kauri ba, wato ƙodar na sakinsa yadda ya zo mata.

A nan ne lambar 3.4 za ta sami ma'ana. Karen da amai ya ƙarar masa da ruwan jiki, kiriyatinin ɗinsa na iya tashi ko da ƙodarsa lafiya lau, amma fitsarinsa zai fito kaɗan, rawaya, mai kauri. Idan kuwa jini ya nuna datti ya taru, jiki ya bushe, amma fitsari na fita fari kamar ruwa, to laifin na ƙodar ne. Shi ya sa ake ɗibar fitsarin kafin a ɗaura ƙarin ruwa. In an riga an ɗaura, ruwan zai tsinka fitsarin, amsar ta ɓaci. Ga masu ƙananan kwikwiyoyi kuma, wanda bai kai wata 2 ba fitsarinsa dama tsinkakke ne, ba a yanke masa hukunci da wannan.

Kada a tsaya a kauri. A duba furotin, a duba sikari, a juya fitsarin a na'ura a leƙa abin da ya kwanta a ƙasa da madubin likita, sannan a shuka shi a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro. Na shuka an fi so a zuƙo shi da allura kai tsaye daga mafitsara, don kada dattin fata ya shiga. Furotin ana auna shi ne a kan kiriyatinin ɗin fitsarin: ƙasa da 0.2 lafiya, tsakanin 0.2 da 0.5 a sa ido, sama da 0.5 yana zuba. Idan ya kai 2 ko fiye, hankali sai ya koma kan fatar matatan kanta, wadda in ta lalace takan zama kamar yagaggiyar rariya, abin da ya kamata ta tare yana wucewa. Amma ciwon mafitsara ma yana ɗaga lambar, don haka sai an kawar da shi a sake aunawa. Sikari a fitsari alhali na jini daidai yake, wannan alama ce ta lalacewar bututun da ke mayar da abinci cikin jini, kuma guba na iya jawo ta, gado ma na iya.

Gwajin jini kuma yana da tarko a wajen ƙananan karnuka, domin yawancin ma'aunan da ke jikin takardar sakamako na manya ne. Kiriyatinin daga tsoka yake fitowa. Kwikwiyo, balle ramamme, tsokarsa kaɗan ce, don haka lambarsa kan fito ƙasa da yadda ciwon yake. Fosfaras kuwa, sinadarin da ke cikin ƙashi wanda ƙoda ke fitar da rararsa, akasin haka ne: duk karen da ƙashinsa ke girma nasa ya fi na babba, ba a kama shi da laifin wannan shi kaɗai. Akwai wani gwaji, SDMA, da ya shigo kasuwa a 2015, wanda tsoka ba ta cika shafarsa ba, kuma yakan tashi tun an rasa kusan kashi 40 cikin 100 na aikin ƙoda. Iyakarsa ga babban kare 14 ce, ga kwikwiyo 16. In ana samunsa kusa da kai yana da amfani, musamman wajen duba 'yan'uwan naka da ba su nuna komai ba tukuna.

Ƙungiyar IRIS ta masana ƙodar dabbobi ta kasa tsohon ciwon ƙoda mataki huɗu bisa kiriyatinin: ƙasa da 1.4 mataki na ɗaya, 1.4 zuwa 2.8 na biyu, 2.9 zuwa 5.0 na uku, sama da 5.0 na huɗu. Idan ɗakin gwajin da ka je da ma'aunin maikuromol yake aiki, ka raba lambar da 88 ka sami irin wannan. Naka ya faɗo na uku, amma ba a ɗora kare a mataki ranar da yake amai. Sai an mayar masa da ruwan jikinsa, ya daidaita, an sake gwadawa bayan kamar mako biyu. Yakan faru lambar ta sauko sosai. A auna masa hawan jini ma. Daga 160 zuwa sama yana cin ƙoda yana cin ido.

To, sabon ciwo ne ko tsoho? Sabon rauni yakan zo wa karen da ke da ƙibarsa da gashinsa mai sheƙi, ya kayar da shi cikin kwanaki, ƙodar ta kumbura tana zafi in an taɓa, wani lokaci fitsarin ma ya ɗauke. Tsohon ciwo a hankali yake ci. Za ka ga kare yana yawonsa da lambar da in sabon rauni ne da tuni ya kwanta, don jikin ya saba. Ka ɗaga leɓensa ka dubi dasashi: in ya yi fari, ƙarancin jini ne, domin ƙoda ce ke aika wa ɓargo sinadarin da ke sa shi ƙera jini. Ka shinshina bakin, akan ji zarnin fitsari, akan ga gyambo a gefen harshe. Sannan akwai alamar da ta fi fitowa a kare mai tasowa. Idan fosfaras ya taru, jiki sai ya riƙa zare kalsiyam daga ƙashi, kuma ƙashin fuska ne ke fara biya. Fuskar ta ɗan kumbura, haƙora su riƙa girgiɗi a gurbinsu, in likita ya kama muƙamuƙin ƙasa da yatsu biyu ya matsa a hankali sai ya ji yana lanƙwasa. Kada ka gwada wannan da kanka, yana iya karyewa. Duk ƙaramin karen da aka sami haka a jikinsa, ciwon ya daɗe ƙwarai.

Hoto shi ne mataki na gaba. A hoton ƙashi, tsawon lafiyayyar ƙodar kare yakan ninka tsawon ƙashin baya na biyu na wajen kwankwaso sau biyu da rabi zuwa uku da rabi. Sikanin ya fi wannan nuna abu. Lafiyayyar ƙoda tana da ɓawo da ciki da ake rarrabewa sarai a allo. Mai disfilasiya takan fito ƙarama, gefenta ba sumul ba, ta yi haske fiye da kima, iyakar da ke tsakanin ɓawo da ciki ta ɓace. Sikanin zai kuma tona wasu lahanin haihuwar: ƙoda ɗaya tal, ƙoda cike da ƙullutun ruwa, ƙodar da fitsari ya taru ya buɗa cikinta, ko bututun fitsari da ya kauce wa mafitsara ya buɗe a wani wuri. Wannan na ƙarshe ya fi yawa a mata, za ka ga kullum bayansu a jiƙe tun suna ƙanana, kuma ana gyara shi da tiyata. Sai dai sikanin ba ya iya rantsuwa cewa ƙanƙancewar ta haihuwa ce, domin ƙodar da ciwo ya cinye daga baya ma haka take fitowa.

Nan ne nake so ka koma kan alluran da aka yi masa. Ka nemo kwalbar ko sunan maganin. Idan jentamaisin ne, likita ya sani, domin maganin nan yana taruwa a ƙoda, kuma ɓarnarsa ta fi muni idan an yi wa karen da zawo ya riga ya busar, aka jera kwanaki ana yi ba tare da ƙarin ruwa ba. Haka magungunan ciwon jiki na mutane irin su ibufurofen da diklofenak, da inabi ɗanye ko busasshe, da ruwan sanyaya injin mota. Shan ruwan da ka ce ya fara tun yaye yana nuna ciwon ya girmi alluran, amma ba mamaki raunanniyar ƙoda ce magani ya zo ya ƙarasa durƙusar da ita, kuma wani ɓangare na irin wannan ɓarnar yana iya dawowa.

Sai kaska da ɓera. Cutar erlikiya da kaskar kare ke ɗauka ta zama ruwan dare a wajenmu, kuma in ta daɗe tana sa furotin zuba, ta rage jini, ta ramar da kare. Alamarta a gwaji ita ce faɗuwar ƙwayoyin da ke daskarar da jini, wani lokaci har da haɓo. Ana maganinta da doksisaikilin na kwana 28. Babesiya ma ta kaska ce, tana fasa jini ta rina fitsari. Leftosfira kuwa a fitsarin ɓera take, ta fi yaɗuwa da damina inda ruwa ke kwanciya, tana zuwa da zazzaɓi da ciwon jiki, wani lokaci da shawara, kuma tana kama mutum. Har sai an kawar da zarginta, ka sa safar hannu in za ka share fitsarinsa, ka hana yara taɓawa. Ka duba katin rigakafinsa ka ga ko an yi masa tata. Ni ba na yarda a rubuta wa kwikwiyo "ciwon haihuwa" a ƙasar nan ba tare da an bi ta kan waɗannan ba.

Jinsi na taimakawa wajen sanin inda za a dosa. Ban da Lhasa Apso da Shih Tzu, an ga disfilasiya a Golden Retriever, Boxer, Chow Chow da babban Poodle. Samoyed, Cocker Spaniel na Ingila da Bull Terrier nasu daban ne: lahani a sinadarin da aka gina fatar matatai da shi, irin ciwon da ake kira Alport a mutane. A Samoyed maza ya fi kamawa, furotin na fara zuba tun suna wata 2 zuwa 3, kuma da wuya su wuce wata 15. Rottweiler da Doberman ma an san su da ciwon matatai na ƙuruciya. Akwai kuma na gado da ba sa fitowa da wuri: Basenji, karen da asalinsa yankin Kwango ne, sikari kan fara zuba a fitsarinsa yawanci bayan ya shekara 4, kuma akwai gwajin ƙwayar halitta da ke gano shi. Cocker Spaniel ma akwai nasa gwajin. Na disfilasiya kuwa an taɓa tallata wani, amma masana ba su amince da shi ba, kada ka kashe kuɗinka a kai.

Tabbaci na ƙarshe a naman ƙodar yake. Ma'aunin da ake bi har yau shi ne wanda Picut da Lewis suka bayyana a 1987: a ga matatai irin na ɗan tayi a ƙodar karen da ya wuce shekarun samunsu, ko ragowar nama da bututun da ya kamata a ce sun rikiɗe tun tuni. Lahanin yakan zo ne a jere-jere, lafiyayyen sashe kusa da marar lafiya, shi ya sa allurar tsakuro nama ke iya faɗawa kan mai kyau ta ba da amsar ƙarya. An fi son a yanko ɗan yanki ta tiyata wanda zai ƙunshi matatai kamar 100. Irin na Alport kuma madubi na yau da kullum ba ya nuna shi, sai madubin lantarki.

Amma ba kowane kare ake yi wa wannan ba, kuma naka ba na ba da shawarar a yi masa idan sikanin ya nuna ƙodojin sun riga sun ƙanƙance. Maganin sa barci da zubar jini haɗari ne gare shi, kuma sakamakon ba zai canza jinyar ba. Idan tarihi ya dace, fitsari tsinkakke ne, jini ya nuna tsohon ciwo, hoto ya nuna ƙananan ƙodoji, an kuma kawar da guba da ƙwayoyin cuta, to a kira shi ciwon ƙodar ƙuruciya mai yiwuwar zama disfilasiya, a kama jinya. Ba a warkewa, gaskiya ke nan, amma ana sassautawa: ruwa a gabansa dare da rana, abinci mai ƙarancin fosfaras da likita zai tsara don kada a tauye masa girma, maganin kama fosfaras a hanji, maganin amai, da na hawan jini ko zubar furotin in an same su. Ƙashi da kan kifi a daina ba shi. Wasu karnukan watanni kawai suke yi, wasu kuma masu sauƙin lahani sukan shekara da shekaru.

Game da sauran, a gwada kaurin fitsari da furotin na duk 'yan cikin, har waɗanda ka riga ka sayar. Ka kira masu su ka faɗa musu, haƙƙinsu ne. A maimaita bayan wata shida, don mai ɗan lahani kaɗan yakan ɓoye. Uwar da uban a duba su da fitsari da jini da sikanin, amma ka sani fitowarsu lafiya ba ta wanke su ba. Kada ka sake haɗa wannan uwa da wannan uba barbara, kuma shi marar lafiyan ba na barbara ba ne ko da ya murmure.

Idan ajali ya zo masa, a nan ne za ka sami amsar da ta fi kowace amfani ga kiwonka. Kada a saka gawar a firiza, ƙanƙara na farfasa naman ya ƙi karantuwa. Firji ya isa, kuma a kai ta cikin 'yan awoyi. Likita zai ciro ƙodojin biyu, ya auna su, ya tsaga su a tsaye, ya saka yanka marasa kauri a fomalin, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10, ruwan ya ninka naman sau goma. Asibitocin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, da Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, duk suna da masu karanta irin wannan nama. A haɗa musu da takardun gwajin jini da na fitsari, da shekarun karen, da jinsinsa, da sunan duk maganin da aka taɓa ba shi.